Humrar Shekara Bakwai A Kan Ƙwallon Wanka

Shafi na 19

Masu turo min saƙo wai na cika matsa wa Barira lamba, ku yi haƙuri. Ni ban matsa mata ba. Zuciyarta ce ta tasa ta gaba, ni bin su kawai nake da alƙalami. Ku gyara zama.

*

Ranar Laraba ce, gobe wankan amarya. Ana idar da azahar Barira ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar gidan ƙanwarta Zakiyya, jaka rungume a ƙirji. Tun daga Birni har Karkada ba ta bari jakar nan ta taɓa ƙarfen babur ba. A cikinta akwai kwalba guda, naɗe da tsohon ɗankwali.

Humra ce. Ba irin wadda take ɗura wa amaren gari ba, duk da waccan ɗin ma ba ta da ta biyu a Damagaram. Shekara ashirin ke nan duk amaryar da ta amsa sunanta sai ta bi ta ɗakin Barira, a yi mata dilka, a turara ta, a yayyafe kayanta kaf da humra kafin a ɗaure. Amma wannan kwalbar daban take. Shekara bakwai da suka wuce ta jiƙa sandal ɗinta, ta soya farcen turare da hannunta, ta toshe ta tura ƙarƙashin gado. Duk shekara sai ta jawo ta, ta ƙara abin da za ta ƙara, ta mayar. Ba ta taɓa gaya wa kowa ta wace ce ba.

Yo da wane bakin? Aliya, amaryar gobe, ita ce 'yar farinta. Ranar da aka yaye ta mahaifiyar Barira ta ɗauke ta ta ɗora a bayan Zakiyya, wadda Allah bai ba haihuwa ba, suka tafi Yamai da ita, sai shekara uku da suka wuce suka dawo gida. Tun da ta haife ta Barira ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta taɓa yi mata cikakken kallo a gaban mutane ba. Kunyar ɗan fari ke nan, haka ta taso ta tarar, har yabonta ake yi a kai. Aliya na ce wa Zakiyya Mama, ita kuwa sai ta ce mata Ya Barira, yadda ta ji kowa na faɗa.

Ta yi sallama ta shiga. Tsakar gidan cike da mata, amma babu mai yin aikin da ya kawo ta. Masu tsintar shinkafa sun bar faifai, masu yankan albasa sun ajiye wuƙa, duk sun kewaye wani baho na ruwa.

"Lale da Ya Barira! Zo ki ga ikon Allah!"

Sadiya ce, maƙwabciyarta a Birni, wadda 'ya'yanta mata uku duk Barira ta gyara su.

A tsakiyar matan Zakiyya ce tsaye, riƙe da wani abu ruwan hoda mai girman curin fura. Ta ɗaga shi kowa ya gani, ta sake shi cikin bahon.

Shuuuu!

Ruwa ya hau tafasa ba wuta. Abin yana juyi yana narkewa, kumfa na tashi, ruwan ya rine, ƙamshin wardi ya game tsakar gida. Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta tsoma hannu ta fito da shi tana murzawa.

"Wayyo laushi! Ku taɓa ku ji!"

"Ƙwallon wanka ke nan," in ji Zakiyya tana dariya. "A Yamai na yi formasiyo ɗinsa, aji na shiga na koyo. Ya, sannu da zuwa. Kin ga abin ƙanwarki?"

"Na gani," Barira ta ce. "Sai dai mu da ruwan garuwa ma ke yi mana wuya, ina muka ga bahon kwanciya irin na nasara?"

"Shi ya sa na yi su ƙanana. Ɗaya, bokiti ɗaya."

"Uhm."

"Ɗari da ashirin na yi. Gobe a sa wa amarya nata, sauran a raba wa ƙawaye da dangin ango kado, kyautar biki. Nan da anjima ma Hajiya Gana, gwaggon ango, za ta zo da mutanenta daga Gaffati su kawo lalle. Ta ce sai ta gani da idonta."

Barira ta baza ido a tsakar gidan ta mayar. Ba ta ga wadda take nema ba, ba kuma za ta iya tambaya ba.

Sadiya ta matso da portabul ɗinta, wayar hannu, har hancin Barira.

"Kin ga bidiyon da amarya ta ɗora jiya? Duk gari an kalla."

Kafin ta kau da kai abin ya fara. Ga Aliya nan ta rungume wuyan Zakiyya ta baya, ta ɗora haɓa a kafaɗarta, tana nuna farantan ƙwallaye.

"Ku ga abin da Mamana ta yi min da hannunta. Don Allah wa ke da uwa irin tawa?"

Mata suka ce, "Ayya, Allah Sarki!"

Barira ta yi murmushi. Allah kaɗai ya san nawa murmushin nan ya ci mata na ƙarfi.

"Ni fa, Ya Barira," Sadiya ta ci gaba, da yake bakinta ba shi da linzami, "autata Fati in ta tashi, wannan za a yi mata. Zamani riga ne. Ke ma ki zauna ki koya wurin ƙanwarki, ba abin kunya ba ne. Tanti Zakiyya, yaya ma kika ce ana haɗawa?"

"Ba wuya. Bikarbonat gwangwani biyu, ɗan tsami irin na zoɓo gwangwani ɗaya, garin sitaci ɗaya. Ki tankaɗe su sosai. Ki narka man kaɗanya ki zuba, da turarenki na mai, da kala. Sai ki riƙa fesa alkol na farmasi, na wanke ciwo, kaɗan-kaɗan kina murzawa, har in kin dunƙula ya tsaya. Ki danna a mazubi, ki fitar, ki bar shi yini da kwana ya bushe. Amma fa..."

"Bari in ajiye mayafi," in ji Barira, ta juya.

Da ta tsaya ta ji abin da ya biyo bayan amma fa ɗin nan, da ni da ku ba mu zo wannan shafin ba.

*

Ɗakin ƙarshe ta tura, inda aka tara kayan amarya. Taga a rufe, an cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ko randa babu a ciki. A kan tabarma an jera manyan farantai shida, ƙwallaye sahu-sahu, ruwan hoda da ruwan ɗorawa, kowanne da ɗan busasshen fure a ka. Can gefe kuma wani baho ne an rufe shi da farin ƙyalle. Ta ɗaga. Farin gari ne tankaɗaɗɗe, ba kala, ba ƙamshi.

Ta mayar da ƙofa ta jingina da ita.

Sun yi kyau. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, sun yi kyau.

Ba sai mun nemo masa wani suna ba, kishi ne ya cika ta har wuya. Goyo ta bar wa Zakiyya. Faɗuwar haƙorin fari, azumin fari, ranar shiga lakwal wato boko, ranar saukar karatu, duk ta bar mata, ko a fuska ba ta taɓa nunawa ba. Abu ɗaya tak ta keɓe wa kanta: ranar da za a wanke yarinyar nan a kai ta ɗakin miji, da ƙamshin hannunta za ta tafi. Ba sai an yi magana ba. Duk macen da ta shaƙa za ta san wa ya haɗa, yarinyar ma za ta sani. Yanzu wannan ɗin ma an zo an karɓe da ɗan tsamin zoɓo.

"Wa ke da uwa irin tawa," ta maimaita a hankali. "To."

Ta kwance ɗankwalin. Ta cire toshiyar kwalbar, ɗakin ya amsa nan take. Wardin Zakiyya ya ja da baya.

Ku yi mata adalci, ba ɓarna ta nufa ba. Abin da hannunta ya saba ta yi. Shekara ashirin tana yayyafa humra a kan zannuwa, da matasai, da sabulai, da duk abin da amarya za ta taɓa, ba abin da ya taɓa cewa uffan. A ranta cewa ta yi, su narke gobe a bahon, mata su yi wa Zakiyya guɗa, amma hancinsu ya gaya musu gaskiya.

Ta cika tafin hannu ta watsa. Faranti na ɗaya, na biyu. Ta sake cikawa. Ba ta yi rowa ba, ai ba don a yi rowarta ta yi shekara bakwai tana jira ba. Har na shida.

Ta tsaya tana maida numfashi, zuciyarta ta yi sanyi, rabon da ta ji irinsa tun da aka sa ranar bikin.

Sai ta ji ƙara, siririya.

Sssss.

Ta waiga. Ƙwallon da ke bakin faranti na ɗaya ya yi ƙuraje. Tana kallo ƙurajen suka fashe, ya kumbura, ya tsage biyu. Na kusa da shi ya ɗauka. Na gaba ya ɗauka.

"Innalillahi! Kai, kai, tsaya!"

Ta durƙusa ta kai hannu za ta share, ta manta hannun jiƙe yake. Duk wanda ta taɓa sai ya ƙara haukacewa. Humrarta jiƙon ruwa ce, abin nan kuwa ruwa yake jira. Ta rarumi ɗankwali tana dannawa, ta juya za ta ceci faranti na uku, gwiwar hannunta ta bugi kwalbar da ta ajiye a bakin baho.

Kwalbar ta kifa cikin farin garin.

Ɓul, ɓul, ɓul.

Kafin ta tsamo ta, bahon ya taso kamar ƙullin da ya kwana, ya yi ambaliya a kan tabarma. Ta ɗaga kwalbar saitin ido. Ko cokali guda bai rage ba.

Aka turo ƙofa.

"Ya, mayafin ne har yan..."

Zakiyya ta tsaya cak. Ta dubi farantan, ta dubi bahon, ta dubi yayarta durƙushe cikin kumfa har gwiwa. Ba ta yi ihu ba. Ta shigo ta mayar da ƙofa, ta danna sakata.

"Me na yi miki?"

Barira ta ci gaba da danna ɗankwali a kan kumfar.

"Ya Barira, tambayarki nake. Me na yi miki?"

"Ban san haka zai yi ba."

"Ba ki sani ba? Ba a gabanki na jefa shi a ruwa ba?"

"Yayyafi kawai na yi. Kayan amarya ne, ai ana yayyafa..."

"Wa ya sa ki?"

"Sai an sa ni?"

"A gidana, e! Kwana tara ina abin nan. Dubi hannuna, duba yadda ɗan tsami ya cinye min fata. Na hana kowa shigowa ko da kofin ruwa, na hana a yi shara da yayyafi a ƙofar nan. Yanzu Hajiya Gana na hanya, me zan nuna mata? Kunu?"

"Sai a sake wani."

"A sake? Yini da kwana yake bushewa, wanka gobe da hantsi! Da kin tsaya kin saurare ni ai da kin ji. Amma ina, girman kai ba zai bar ki ki koyi abu a bakin ƙanwarki ba."

Nan fa aka taɓo inda ke ciwo. Barira ta miƙe, kumfa na zuba daga zaninta.

"Ki iya bakinki, Zakiyya. Ni na goya ki."

"Kin goya ni, shi ya sa za ki tozarta ni a gaban surukai?"

"Ke ba ki tozarta ni ba? Duk Damagaram an san sana'ata. 'Ya'yan wasu na gyara, 'ya'yan da ban san zafinsu ba. Sai ga biki a cikin gidanmu, ko ki aiko ki ce Ya, me za a yi? Sai dai in gani a portabul ɗin Sadiya?"

"Sau nawa na zo? Na ce Ya, gyaran Aliya fa? Kika ce me?"

Barira ta kau da kai.

"Kika ce, 'yarki ce, ki yi yadda kika ga dama. Ko ba haka kika ce ba?"

"To me kike so in ce? In buɗe baki in ce ni zan yi? A ce Barira ta zubar da kunya a kan 'yar fari?"

"Au, ni ce zan yi duba in gano abin da ke cikinki?"

"Ke 'yar'uwata ce! Ciki ɗaya muka fito! In kowa bai gane ba ke ya kamata ki gane!" Muryarta ta karye. "Komai na bar miki. Komai. Ban taɓa zuwa Yamai na ce a nuna min ita ba. In kun zo hutu ina jin muryarta a tsakar gida, in shige ɗaki in kama aikin da ba ni da shi. Wannan kaɗai na ajiye wa kaina, Zakiyya. Kwalba ɗaya. Shi ma kin ga ya yi min yawa."

Zakiyya ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, hawaye na bin kumatunta.

"Wai ke ce mai kishi da ni."

"Ban ce ba."

"Kin faɗa, ga shi nan a ƙasa yana kumfa. Zauna in ba ki labari, Ya. Kin san in mun koma Yamai daga hutu, yarinyar nan ba ta yarda a wanke rigar da ta shiga ɗakinki da ita? Ƙarƙashin matashi take sa ta. Wata guda, wata biyu, har ƙamshin ya mutu. Ran da na wanke wata rigar ban sani ba, kwana biyu ba ta ci abincina ba. Tana da shekara shida a lokacin."

Barira ta dafa bango.

"Ni na yi jinyar ƙyandarta. Ni na yi zaryar lakwal. Ni ta yi wa amai a jiki. Amma in mace ta wuce mu a biki da humra, sai ta bi ta da hanci ta ce, Mama, wannan ba ta kai ta Ya Barira ba. Kin san yadda nake ji? Kin taɓa tambaya? Kina tsammani don me na je na biya formasiyo da tsufana, na zauna cikin yara ina koyon dunƙula gari? Don in samu abu ɗaya na ƙamshi da zan ba ta wanda ba naki ba!"

Ɗakin ya yi tsit, sai sssss ɗin sauran ƙwallayen da ke ƙarasa mutuwa.

"Ban sani ba," in ji Barira.

"Ba ki san komai ba. Wancan bahon da kika kifa wa kwalba, kin san na mene ne?"

"Gari na gani."

"Gari kika gani. Na amarya ne. Nata na kanta, guda bakwai, na kwana bakwai ɗin farko. Ta ce kar in sa kala, kar in sa wardi, in bar shi fari. Na ce me za a sa? Ta yi ta murza yatsu. Sai shekaranjiya ta iya faɗa." Zakiyya ta share hanci da gefen mayafi. "Humrarki take so a ciki."

"Humra... ai kin ga abin da ta yi."

"Don kin kwarara ne! Da ɗigo ake sa ta, ɗigo ɗaya a murza da sauri, a sake ɗigo. Cokali biyu ya isa duka bahon. Na gwada da wadda kika ba ni bara, ya yi. Na ce mata to, ga sauran tawa. Ta ce a'a, ita wadda za ki ba ta da hannunki take so. Na ji zafi, wallahi na ji, amma na tankaɗe garin na rufe na ajiye."

Barira ta saki bangon. Ta sulale ta zauna a kan akwatin amarya, kwalbar da babu komai a cikinta a kan cinya.

"Ina take?" ta ce. Yau ce rana ta farko da ta taɓa yin wannan tambayar.

"Ina kuwa? Gidanki. Kwana biyu tana koyon yadda za ta roƙe ki, a gaban madubi, ina jin ta. Ɗazu ta sa hijabi ta saci jiki ta fita, amarya guda, ana gobe wankanta. Kun yi saɓani a hanya."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Mama? Mama, kina ciki? An ce Ya Barira ta zo nan."

'Yan'uwan biyu suka dubi juna. Zakiyya ta yi saurin goge fuska, ta rage murya.

"Ki yi shiru. Ni zan yi magana."

Ta zare sakata. Aliya ta shigo da saurinta, hijabi har ƙasa, gumi a goshi, hannunta na dama a dunƙule cikin hijabin. Taku biyu ta yi santsi ya kusa kwashe ta. Ta kama ƙofa, ta bi ɗakin da kallo.

"Mama... mene ne wannan?"

"Kuskure na yi, 'yata. Alkol ɗin da na sayo ne, ashe an sirka shi da ruwa. Na zo in ƙara fesawa..."

"Duka?"

"Duka. Ki yi haƙuri. Za mu san abin yi."

Aliya ta saki ƙofar. Ta sunkuya ta lakato kumfar da yatsa, ta kai hanci. Ta lumshe ido. Da ta buɗe su, ba Zakiyya ta duba ba.

"Mama, ba ki iya ƙarya ba. Tun ina ƙarama ba ki iya ba."

"Aliya..."

"Wannan ba a sayar da shi a farmasi."

Barira ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, yadda ta saba yi duk lokacin da yarinyar ta shigo wuri. Aliya ta tako cikin kumfar har gabanta, ta durƙusa. Ta fito da hannun da ke cikin hijabi ta buɗe. 'Yar ƙaramar kwalba ce sabuwa, wadda ba ta fi tsawon yatsa ba. Ta ajiye ta a kan akwatin, kusa da cinyar Barira.

"Wannan na kai gidanki. Cikinta kawai na je roƙo."

Barira ta dubi 'yar kwalbar, ta ƙara jan mayafi.

"Na zauna a ƙofar ɗakinki ina ta maimaita abin da zan ce. Na ce in kin ƙi, ba komai, dama ban saba samu ba. Ban san kin riga ni nan ba."

"Zakiyya," in ji Barira cikin mayafi, "ce wa yarinyar nan ba da gangan..."

"Ga ni a gabanki, Ya Barira. Ba sai an yi min tafinta ba."

"Aliya, kul!" Zakiyya ta ce. "Haka na koya miki?"

"Ki bar ni, Mama, don Allah. Yau ɗaya." Aliya ba ta ɗaga murya ba. "Tun ina yarinya ake ce min kunya ce. In na gaishe ki kika amsa wa bango, a ce kunya ce. Na kawo miki sakamakon jarrabawa kika miƙa wa Usman ƙanena ya duba, aka ce kunya ce. Na yarda. Na ce wata rana zan ga alama. To yau na shigo na tarar abin da Mama ta yi kwana tara tana yi min ya zama kunu, da ƙamshinki a kai. Wannan ma kunya ce?"

Hawayen Barira suka ɗiga a kan kwalbar da ke cinyarta. Maganar tana nan a maƙogwaronta, shekara bakwai ɗin, ƙarƙashin gadon, duka. Harshen ne ya ƙi ɗagawa.

Daga tsakar gida guɗa ta tashi, doguwa, wasu suka karɓa. Sai muryar Sadiya, tana tahowa tana tafi.

"Tanti Zakiyya! Ga baƙi sun iso! Hajiya Gana ta ce ba za ta zauna ba sai ta ga abin mamakin nan tukuna. Bismillah Hajiya, ta nan, ɗakin ƙarshe!"

Zakiyya ta yi tsalle ta danne ƙofar da bayanta.

"Aliya tashi! Tashi ki shige bayan labule, dangin mijinki ne! Ya, ke ma tashi, rufa min asiri!"

Aliya ko motsi ba ta yi ba.

"Gobe za a kai ni gidan wasu, Ya Barira. Ba zan tafi da wasiwasi ba. In ƙi na kike yi, ki faɗa, in san uwa ɗaya gare ni in haƙura har abada. In kuma ba haka ba ne, ki ɗago ki dube ni ki kira sunana. Sau ɗaya."

Takun takalma ya tsaya a bakin ƙofa. Aka buga, ƙwan ƙwan ƙwan.

"Salamu alaikum, masu ɗaki! Kai, wannan ƙamshi haka? A buɗe mana mu gani!"

"Aliya, na roƙe ki," Zakiyya ta ce da raɗa. "Suna tsaye!"

Aliya ba ta ɗauke ido daga kan matar da ta haife ta ba.

"Su tsaya, Mama. Ni shekara ashirin da uku ina tsaye."